Wata shida lafiya lau, sai ciwo ya sauka: abin da na gano a jinin ɗana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin na ciwon sikilar ɗana, in fara in goge, in fara in goge, sai jiya da na kai yara ganin likita na tarar da wata yarinya da ba za ta wuce shekara sha tara ba, da jariri a kafaɗa hannuwansa sun kumbura suntum, tana hawaye uwar mijinta na tsaye a kanta tana faɗa ƙasa-ƙasa, nace a raina yau kam sai na rubuta ko da mutum ɗaya ne zai karanta.

Ni 'yar Gombe ce, a Jekadafari na tashi, aure ya kai ni Pantami. Malamar makaranta ce, bayoloji nake koyarwa a sakandare. Mijina ɗan Goggona ne, ƙanwar babana, auren gida aka yi mana kuma muna son junanmu, babu wanda ya tilasta wa wani. Lokacin ba wanda ya ce mana mu je gwajin jinotayif, ni kaina da na karanta abin a kwaleji ban kawo shi a raina ba, na ɗauka abu ne na jarrabawa, na wasu mutane can.

Ɗana na fari, ba zan faɗi suna ba kun san dalili, an haife shi ƙato jawur da shi. Ranar suna kowa sai ya ɗaga shi ya ce tubarkalla wannan ai ɗan wata biyu ne. Ya yi arba'in lafiya, wata uku, wata biyar, ko mura bai cika yi ba, yana dariya yana harba ƙafa. Yana cikin wata na bakwai, lokacin hunturu ne ƙura ta rufe gari, wani dare ya fara kuka irin wanda ban taɓa ji ba. Na ba shi nono ya ƙi, na goya shi ya ƙara tsala ihu, da na haska tocila sai na ga bayan hannunsa da yatsunsa sun kumbura suna sheƙi kamar an hura su, ƙafafun ma haka, in ka taɓa zafi zau. Har asuba ban zauna ba.

Da safe Goggo ta zo ta duba shi, ta dube ni, ta ce min a gaban mutane, "Ke faɗa min gaskiya, ciki gare ki? Nonon nan ya ɓaci." Ba ni da ciki. Amma maganar ta riga ta fita. Aka kawo jiƙe-jiƙe aka ce in sha in wanke nono, aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, sai da muka yi kwana huɗu sannan baban yaran ya ce shi kam asibiti zai kai ɗansa. Aka ɗibi jini, sakamako ya fito SS. Aka gwada mu, ni AS shi AS. Sikila, amosanin jini.

Na ɗauka takardar asibiti za ta wanke ni. Ina! Goggo ta karɓi takardar ta juya ta, ita ba boko ta yi ba amma mace ce mai kaifin hankali, ta ce, "To malama, ke da kika yi karatu. In gado ne, da shi aka haife shi ko? To ina ciwon yake wata shida? Jinin da ke jikinsa ranar suna ba shi ne a jikinsa yau ba?" Na buɗe baki na rasa abin cewa. Wallahi tambayar nan ta bi ni shekara da shekaru, ina tsaye gaban allo ina zana wa ɗalibai AS da AS, ɗaya cikin huɗu a kowane ciki, amma can cikin zuciyata ina cewa to in haka ne ina wata shidan nan, ko dai da gaske akwai abin da na yi masa.

Shekarun da suka biyo baya duk uwar mai sikila ta san su, ba sai na ja ba. Ruwan zafi a fulas kullum a shirye, tawul, man zafi, neman keke napep ƙarfe biyu na dare, neman mai ba da jini, idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Dare ɗaya ne ba na mantawa, yana shekara biyar, ciwon ya kama shi a ƙugu da cinya, ina danna masa da tawul mai ɗumi yana cije bakin filo, can sai ya ɗago ya ce min "Umma ki daina kuka, ya fara raguwa", alhali ina jin yadda ƙafar ke rawa a hannuna, ƙarya yake min don in yi shiru. Yaro ɗan shekara biyar.

Mun haifi na biyu namiji AA, alhamdulillahi. Ta uku mace, ita ma SS. Na yi kukan da ban taɓa yi ba, na zauna ina jiran wata shida kamar mai jiran hukunci. Wata shida ya wuce, shekara ta wuce, shekara uku, yarinyar nan sai dai zazzaɓi jefi-jefi, sau ɗaya tak aka taɓa kwantar da ita, ba a taɓa ƙara mata jini ba. Maimakon hakan ya zama sauƙi gare ni sai ya zama wata sabuwar hujja, dangi suka ce ai ga shi nan, ita ma an ce SS ce amma garau take, to shi nasa ba sikila ba ce kaɗai, akwai hannu a ciki, ko dai abin da ya sha a nono ne tun farko. Yanzu tambayoyin sun zama biyu.

Wata likita ce matashiya a asibitin da muke zuwa ta fara buɗe min ido, Allah Ya saka mata da alheri duk inda take. Ta ce a yi wa yaran biyu wani gwaji da ya fi na kullum zurfi, wanda ke auna kowane irin hemogulobin da yawansa, wato sinadarin da ke cikin jar ƙwayar jini mai ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai wa jiki. Da takardun suka dawo ta sa biro ta zagaye wani harafi, F. Nasa kashi 4 cikin ɗari, nata kashi 18. Ta ce "Maman yara, kin ga bambancinsu nan. Wannan F ɗin jinin jarirai ne, na cikin ciki. Shi ba ya sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje yadda S, hemogulobin ɗin sikila, yake yi, kuma yana hana S ɗin haɗuwa ya daskare. Kowane jariri da shi ake haifarsa da yawa, sai ya yi ta raguwa, kafin wata shida zuwa shekara na manya ya karɓe wurin. Ita nata bai rufe duka ba." Ina zaune a kujerar nan sai na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji, na ce likita maimaita, ta maimaita. Wata shida. Ashe jinin ranar suna ba shi ne jinin wata bakwai ba.

Amma ni halina in aka ba ni amsa sai na bi ta har gindinta. Wa ke rufe shi? Me ya sa ake rufewa? In bai ɓace ba, rufe shi aka yi, ina makullin? Na shiga karatu a waya, in yara sun yi barci in sayi data in zauna har ɗaya na dare, turancin masana da wuya, kalma ɗaya sai in yi kwana biyu a kanta, ƙanina da ya karanta bayokemistiri a jami'ar jihar Gombe yana taimaka min, in tura masa hoto ya yi min bayani ta murya. Wata da watanni ina wannan. Ga abin da na fahimta, da irin hausar da na fahimce shi.

A cikin kusan kowane sel, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin halittar da aka gina jikinmu da su, akwai zaren gado, DNA, in aka miƙe shi ya kai wajen mita 2, amma an cusa shi cikin wani ɗan wuri da ido ba ya gani. Zare ne mai rubutu a jiki, da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, kuma an raba rubutun babi-babi, wajen babi 20,000, kowane babi umarni ne na yadda za a ƙera wani furotin. Abin da ya fara ɗaure min kai, littafin iri ɗaya ne a ko'ina, wanda ke cikin sel ɗin ƙwaƙwalwa shi ne a na hanta shi ne a na ɓargo. To me ya sa ido ba ya yin hemogulobin? Saboda ba ko'ina ne a buɗe ba. Zaren nan naɗe yake a jikin wasu 'yan dunƙulallun furotin da ake kira histon, guda takwas-takwas a haɗe, zaren ya kewaye kowane dunƙule kusan sau biyu, haruffa 147, ya ɗan wuce ya sake kewaye na gaba, in ka gan shi a hoto sak carbi. Wannan carbin gaba ɗaya, zare da ƙwayoyinsa, shi ake kira kuromatin. Inda aka dunƙule carbin tamau ba mai iya karanta rubutun wurin, inda aka sassauta aka baje shi nan ake karantawa a kwafa a yi aiki da shi.

Masu yanke hukuncin inda za a baje da inda za a dunƙule wasu furotin ne, masana na ce musu tiranskirifshan fakto, ni kuwa masu riƙe da makulli nake ce musu. Kowannensu akwai 'yan haruffan da ya sani, yana bin zaren har ya same su ya zauna a kai, in ya zauna sai ya kira ma'aikata. A cikin ɓargo, inda ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini sama da miliyan 2 a duk sakan ɗaya, babbansu shi ne GATA1, an gano shi a 1989, kuma sunan nasa daga haruffan da yake nema ne, duk inda ya ga G-A-T-A a inda ya dace sai ya sauka. Tun sel ɗin yana ƙarami ɗan uwan GATA1 mai suna GATA2 ne ke zaune a wurare da yawa, da girma ya zo sai GATA1 ya ture shi ya hau, daga nan sel ɗin ya kama hanyar zama jan jini ba komawa. In GATA1 ya zauna yakan jawo masu manna wa histon wata 'yar alama da ake kira asetil, alamar na sa riƙon da histon ya yi wa zare ya yi sako-sako. Akwai abokin aikinsa KLF1, da aka gano a 1993, shi kuma yakan kira wani inji mai ƙarfi da ke tura ƙwayoyin carbin gefe a samu fili. Haka suke bi suna buɗe babin hemogulobin da na sarrafa sinadarin ƙarfe da na fatar ƙwayar jini, sauran da ba a buƙata a ƙara tamke su, har a ƙarshe sel ɗin ya dunƙule littafin gaba ɗaya ya tofar da shi waje, shi ya sa jar ƙwayar jini ba ta da cibiyar da zaren gado ke zama a ciki, buhun hemogulobin ce kawai, ta yi kwana 120 tana yawo ta mutu. Ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi, shi ya sa jini ba ya isarsu.

Yanzu ga inda na fi daɗewa, don nan amsata take. Zaren gadon nan a rabe yake kashi-kashi, kowane kashi ana kiransa kuromozom, a kan na 11 babukan hemogulobin ɗin nan a jere suke kamar ɗakuna a layi, bisa tsarin rayuwar mutum: na farko na ɗan tayi ne a makonnin farko, sai biyu na jariri a ciki waɗanda ake kira gama, su ke ba da F, sai wani ƙarami, sai na ƙarshe beta, na manya. Kuskuren sikila harafi ɗaya ne tak, kuma a cikin beta yake. Babin gama na ɗana lafiyayye ne ƙalau, ba abin da ya same shi. Can baya da nisa, wajen haruffa 50,000 daga beta, akwai wani yanki da ake kira LCR, shi ba babi ba ne, matattara ce inda masu makullan ke taruwa da yawa, duk babin da ya samu kusanci da wannan matattara shi ke aiki da ƙarfi. To ya za a yi abin da ke nesa haka ya taɓa shi? Sai zaren ya lanƙwaso. Kamar ka kama carbi ka haɗa ƙwaya ta farko da ta talatin, na tsakiya su yi baka su fita gefe. GATA1 da TAL1 da wasu suna zaune nan suna zaune can, sai wani mai suna LDB1 ya kama na nan ya kama ɗan uwansa na can ya ɗaure su. A 2002 masana a Holan da Ingila suka nuna wannan lanƙwasa da gaske take faruwa. Yaro na ciki, matattarar na manne da gama. Bayan haihuwa sai ta sake shi ta tsallake ta kama beta. Ga mai AA ba komai, ga ɗana kuwa ranar da aka yi wannan tsallaken ranar aka fara kwafar kuskuren da yawa.

Kuma akwai mai rufe ƙofar gama, da sunansa, BCL11A. Na rubuta sunan nan a bangon littafin darasina na yi ta kallonsa, shekara nawa ina zargin kaina ashe ga shi nan. A 2007 da 2008 aka fara gano shi, ta hanyar gwada mutane dubbai a ga me ya sa wasu manya ke da F fiye da wasu, ciki har da aikin Swee Lay Thein a Landan, sannan a 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Bostan suka nuna shi ne ke kashe gama. Yana zuwa ya zauna a bakin babin, kan haruffa TGACCA, ya kira wata tawaga mai suna NuRD, su kuma su cire alamar asetil ɗin nan su matse carbin. Shi kansa BCL11A a cikin jan jini KLF1 da GATA1 ne ke kunna shi, wato hannun da ya buɗe na manya shi ya aika a rufe na jarirai, komai a tsare, Allah mai iko. Akwai wani dangi a tsibirin Malta da aka samu KLF1 ɗinsu guda ɗaya ba ya aiki, a 2010 aka ba da rahotonsu, manya ne amma jininsu da F mai yawa. Mutanen gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya ma masu sikilarsu sun fi samun F, ciwon nasu yakan zo da sauƙi, irin namu na Najeriya kuwa galibi F ɗin kaɗan ne. Ɗiyata dai ta dace ta gaji makulli mai ɗan sako-sako, yayanta ya gaji mai tamau, uwa ɗaya uba ɗaya nono ɗaya.

Wani abu da ya sa ni hawaye, ashe tambayar Goggo wata likitar yara ta riga ta yi ta tun 1948, Janet Watson a Niyu Yok, ta lura jariran da aka haifa da sikila jininsu ba ya lanƙwashewa sosai sai sun yi watanni, ta ce jinin ciki ne ke kare su. Tambayar Goggo tambayar masana ce, amsar ce kawai ba ta zo mana ba, sai aka ɗora wa nono. Kuma wannan shi ke ƙona min rai har yau, ƙasar da ake haifar yara masu sikila wajen 150,000 duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da S, amma bayanin da zai ɗauki minti biyar a yi wa uwa da kaka da hausa ba a yi, sai a miƙa musu takarda da haruffa biyu a ce su je.

Na yi sati ina shawarar yadda zan tunkari Goggo, don ba na so ya zama kamar na zo ramuwa, uwa ce, ita ta yi min wankan jego, duk dare da muka kwana asibiti ita ke kawo kunu da asuba. Wata Juma'a bayan la'asar na same ta a kan darduma ta idar da salla, na gaishe ta na zauna a ƙasa, na ce Goggo ara min carbinki. Ta miƙo tana kallona. Na ce kin tuna tambayar da kika yi min shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ina ciwon yake wata shida? Ta ce na tuna. Na ce yau na kawo amsa. Na shimfiɗa carbin a kan darduma, na nuna mata ƙwaya ɗaya na ce wannan jinin ciki ne, lafiyayye, na nuna wata a gaba na ce wannan jinin manya ne, nan ciwon yake, daga ni da Hamma, baban yaran, ya gado shi. Na kama kan carbin na lanƙwaso shi ya taɓa ta farko, na ce yana ciki har ya faɗo duniya wannan ake ɗiba. Sannan na sake, na dunƙule wurin a tafin hannuna na rufe, na kai kan carbin ga ta biyu, na ce daga wata shida nan ake komawa, kowane ɗan Adam haka ne, ni da ke ma haka aka yi mana. Ita ƙanwar tasa hannun ne bai rufe duka ba, na ɗan buɗe yatsu biyu ƙwayoyin suka leƙo.

Goggo ta yi shiru har na fara tsorata. Ta karɓi carbin ta lanƙwasa shi da kanta yadda na yi, ta sake, ta kuma lanƙwasawa. Can ta ce, ba ni take kallo ba, "Kafin mijinki na haifi biyu. Duk sun yi wata shida kamar tumbin giwa. Na farkon hannunsa haka ya yi, bai kai yaye ba. Ta biyun ta yi shekara biyu." Na san ta rasa yara, a gidanmu an sha faɗa cewa Goggo ta yi wabi, har an ce shi ya sa aka huda wa Hamma kunne yana jariri, amma ban taɓa jin ta yi maganarsu da bakinta ba. Ta ce, "Uwar mijina ta ce nonona ne. Shekara arba'in da wani abu ina ɗauke da shi." Sai ta kama hannuna ta ce "Ki yafe min 'yar nan, abin da aka faɗa min na faɗa miki." Muka yi ta kuka mu biyu a kan dardumar har aka kira magariba.

Bayan nan ne na yarda aka sa ɗana a kan haidiroksiyuriya. Da likita ta fara kawo maganar na ƙi, saboda mata a layin asibiti suna cewa maganin ciwon daji ne, kuma gaskiya ne da shi aka fara saninsa, amma tun 1998 aka amince da shi don sikila a Amurka, kuma babban aikinsa shi ne ɗaga F ɗin nan, wato ya ɗan buɗe yatsun. Da na fahimci abin da ake nema sai tsoron ya ragu. Na kuma karanta cewa a nan gida, a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, an yi bincike a kan yaranmu aka ga yana kare masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ba magani ne da za ka saya a kemis ka fara da kanka ba, don Allah kar wanda ya yi haka, sai likita ya auna nauyin yaro, ana duba jini a kai a kai don yana iya rage wasu ƙwayoyin. Ba warkewa ba ce, har yanzu yana shan folik asid da maganin kariyar maleriya, yana kwana a gidan sauro, da jarkar ruwansa ko'ina, hunturu da damina muna kaffa-kaffa. Amma F ɗinsa ya tashi, kuma daga kwanciya asibiti sau biyar sau shida a shekara, bara sau ɗaya muka kwana. Kuɗin maganin ne ke ba mu wuya, wani watan sai an yi dabara, yanzu Goggo ce ke sayar da ƙuli-ƙulinta ta ƙullo kuɗi a bakin zane ta ce ga na maganin mai gida.

Na kuma bi labarin inda binciken ya kai. A 2013 aka gano cewa BCL11A yana da wani ɗan maɓalli nasa a kan kuromozom na 2 da ke aiki a jan jini kaɗai, wurin da GATA1 ke zama ya kunna shi. Wannan muhimmi ne don ƙwaƙwalwa da sojojin jiki suna buƙatar BCL11A, ba za a kashe shi gaba ɗaya ba. Sai aka ce to a ɗebo sel ɗin ɓargon mai ciwo, a sa CRISPR, wani almakashin yanke zaren gado da masana suka ƙirƙiro, a yanke daidai wurin zaman GATA1 ɗin nan, a mayar masa. Mai rufe ƙofa bai samu kira ba, gama ya buɗe, F ya dawo. Wata baƙar fata 'yar Amurka mai 'ya'ya, Victoria Gray, ita aka fara yi wa a can a 2019. A Nuwamba 2023 Ingila ta amince da maganin, Amurka ta bi a Disamba, sunansa Casgevy. Ba abu ne mai sauƙi ba, sai an fara kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi wanda kan iya hana haihuwa, a yi makonni a asibiti. Kuɗin da aka sa masa a 2023 dala miliyan 2.2 ne. Daren da na ga kuɗin nan na kashe wayar na juya na kalli ɗana yana barci, na ji daɗi na ji ɗaci lokaci guda, an gano makullin, a jikinsa ma yake, amma biliyoyin naira ne tsakaninmu da shi, kuma mu ne muka fi kowa yawan masu ciwon a duniya. Ban yarda haka ya kamata abin ya tsaya ba, kuma ina roƙon Allah Ya nuna min ranar da yaranmu na jami'o'in Gombe da Bauchi da Kano da Maiduguri za su riƙa yin wannan aikin da hannunsu.

A aji yanzu in na zo darasin gado ba na tsayawa a ɗaya cikin huɗu. Nakan shigo da carbi a jaka, in lanƙwasa shi a gabansu, in ce duk wadda za ta yi aure ta yi gwaji a wuri mai inganci tun kafin zance ya yi nisa, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, kuma duk wadda ta ga jariri ya kumbura hannu a unguwarsu ta ce a kai shi asibiti, kar ta bari a ce nono ne. 'Yan mata da yawa sukan biyo ni ofis bayan an tashi, wata ta ce malama ƙanina haka yake, wata ta ce malama ni ce.

Yarinyar jiya ta asibiti, da na ga faɗan ya ƙi ƙarewa sai na matsa kusa na gaishe da uwar mijin, na ce Hajiya sannu da jiki, wata nawa ne jikan naki? Ta ce bakwai, kuma lafiyarsa ƙalau aka haife shi, sai da yarinyar nan ta fara... Ban bari ta ƙarasa ba, na ga carbi a naɗe a hannunta na dama, na ce Hajiya don Allah ara min shi minti biyar, layin ma da saura kafin a kira mu. Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta warware shi ta miƙo min, ta gyara zama a kan bencin.